Ruwan Inabi a Littafi Mai Tsarki: Yadda Ake Yin Sa da Abin da Ake Ci da Shi

Yawancinmu a ƙasar Gaya da Ajingi ba mu taɓa ganin kurangar inabi a gona ba. Dawa muka sani, da gero, da gyaɗa, da zoɓo. Mai son ganin gonar inabi sai ya nufi wajen Kudan, kusa da Zariya. Saboda haka idan aka karanta zancen ruwan inabi a majami'a, wani ya kan tuna da burkutu, wani kuma ya ce ai ruwan 'ya'yan itace ne kawai marar sa maye. Dukansu biyu ba su dace ba.

Kalmar da Tsohon Alkawari ya fi amfani da ita a Ibraniyanci ita ce yayin, a Helenancin Sabon Alkawari kuwa oinos. Yayin ne ya bugar da Nuhu (Farawa 9). Oinos ne aka sha a bikin Kana (Yahaya 2), da wannan kalma kuma Bulus ya gargaɗi Afisawa a kan buguwa (Afisawa 5:18).

A ƙasar Isra'ila ana girbin inabi wajen Agusta zuwa Satumba. Ana sassaƙa wurin matsewa a jikin dutse, faffaɗan wuri a sama da rami a ƙasa. Sai a zuba 'ya'yan a sama, mutane su tattake su da ƙafa, ruwan ya gangara cikin ramin. Ba a zuba masa kome. Yistin da ke jikin ɓawon da cikin iska shi ke cinye zaƙin, ya mai da shi abin sa maye, a zafin ƙasar kuwa kwana ɗaya ko biyu ya isa ya fara kumfa. Nan ya bambanta da burkutu, wanda sai an jiƙa dawa ta tsiro, an niƙa, an dafa.

Jan launin daga ɓawon yake fitowa, gama ruwan cikin yawancin inabi ba ja ba ne. Daga ɓawon da ƙwayar ciki ne kuma ake samun baurin nan da ke kama harshe, irin na goro. Baurin ne ke sa jan ruwan inabi ya jure ajiya, yana kuma laushi in ya daɗe.

Bayan kumfar farko sai a juye shi a tuluna ko salkunan fatar akuya. Yana nan yana fitar da iska. Sabuwar salka tana miƙewa, tsohuwa kuwa ta riga ta bushe, sai ta fashe. Ga tushen misalin Yesu a Markus 2:22. Wanda aka bari ya kwanta a kan gutsarinsa kafin a tace shi ne mai daraja, shi Ishaya 25:6 ke nufi. A Gibeyon, masu tonon kayan tarihi a ƙarƙashin James Pritchard, tsakanin 1956 da 1962, sun gano ramukan ajiyar tuluna 63 da aka haƙa cikin dutse domin sanyi. In iska ta shige shi kuwa sai ya yi tsami. Irin wannan ne Rut ta tsoma gurasarta a ciki tare da masu girbi (Rut 2:14).

Abin sha ne na kan abinci. Kullum gurasa ce abokiyarsa, da man zaitun, ranar biki kuma gasasshen nama. Baurinsa yana yanke maiƙon naman rago, shi ya sa har yau a Faransa da Italiya jan ruwan inabi ke tafiya da jan nama. Ba a cika shan sa gar ba. Helenawa da Romawa suna sirka shi da ruwa, malaman Yahudawa na baya kuma sun ambaci kashi uku na ruwa a kan kashi ɗaya. Yustin Shahidi, wajen shekara ta 150, ya rubuta cewa a taron Kirista ana kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa.

To, me ke cikin ƙoƙon daren Jibin Ubangiji? Idin Ƙetarewa yana zuwa wajen wata bakwai bayan girbin inabi, ba su kuwa da hanyar hana ruwan tashi har tsawon wannan lokaci. A Koranti ma wasu sun bugu a wurin Jibin (1 Korantiyawa 11:21). Ruwan inabi marar sa maye na kwalba sai a 1869 aka fara yin sa, lokacin da Thomas Welch, wani ɗan Metodis a Amurka, ya ɗumama shi bisa dabarar Louis Pasteur don ya kashe yistin.

Wannan bai zama izinin sha a gare mu ba. Karin Magana 23 ta kwatanta kyan launinsa da mugun ƙarshensa wuri guda, Romawa 14:21 kuma ta sa ɗan'uwa mai rauni gaba da 'yancinmu. A cikinmu akwai gidajen da giya ta cinye rumbunsu kafin su ba da gaskiya, kuma kurɓi ɗaya ya isa ya tayar wa mutum tsohon ƙishi. Muna kuma zaune a jihar da ta koma bin shari'ar Musulunci tun 2000, inda Hisba ke kama giya tana farfasawa, maƙwabtanmu suna kallon abin da muke yi. Waɗannan dalilai sun isa su sa mu bar abin sa maye a Jibin. Mu faɗa wa matasanmu su kai tsaye. Ba sai mun ce musu na Kana ba ya sa maye ba, gama ranar da suka bincika za su fara shakkar sauran koyarwarmu.

A kan abin da za a zuba a ƙoƙon, ra'ayi ya rabu. Masu riƙe da Matiyu 26:29 suna so ya fito daga inabi, ko na kwalba ko zabibi da aka jiƙa aka tafasa aka tace. Ikkilisiyar ƙauye da ba ta iya samun waɗannan, in dattawanta suka zaɓi zoɓo, mu ba mu ga laifi ba. Sai dai a dafa shi daren Asabar ko safiyar Lahadi, domin zoɓo mai sukari in ya kwana biyu a zafin bazara shi ma tashi yake yi.