Daga Gure zuwa Nahawun Jamusanci: Tarihin Jimlar Nufi

A watan Disamba na 1852, Bajamushe Heinrich Barth ya yada zango a Gure, babban birnin ƙasar Muniyo, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. A cikin ayarinsa akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka ƴanto daga bauta. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila, inda ya zauna wurin wani Bajamushen, J. F. Schön. Daga bakinsa ne Schön ya samo yawancin Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 a kanta. Mischlich ya biyo baya a 1902, sannan Westermann a 1911. Ke nan masu jin Jamusanci ne suka fara tsara mana nahawu a rubuce, saboda haka ya kamata mu san ma'aunin da harshensu ya ba su.

Mu ɗauki jimlar nufi. Jamusanci yana duba mai aiki. In shi ɗaya ne a sassan jimla biyu, ana amfani da *um … zu*:

(1) Ich gehe zum Markt, um Hirse zu kaufen.
Zan je kasuwa don in sayi hatsi.

In kuwa mai aikin ya sauya, dole sai *damit*:

(2) Ich gebe ihm Geld, damit er Hirse kauft.
Ina ba shi kuɗi don ya sayi hatsi.

Hausa ba ta sauya kalma ba. *Don* tana nan a duka biyun, wakilin suna ne ya ɗauki nauyin bambancin: *in sayi*, *ya sayi*. Har ila yau, bayan aikatau na tafiya muna iya yar da ita gaba ɗaya, mu ce "na tafi sayen hatsi". Kuma *don* ɗin nan tana nuna dalili, kamar a "ya yi kuka don ya ji yunwa", inda Bajamushe zai koma ga *weil*. A rubuce *ya sayi* da *ya ji* kamarsu ɗaya. Tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su, kuma rubutunmu ba ya nuna ko ɗaya.

A nan ɗalibinmu mai koyon Jamusanci yake tuntuɓe, domin kalma ɗaya yake da ita inda ake neman uku. A ganinmu, a fara koya masa ya ji bambancin a bakinsa, kamar yadda Dorugu ya furta wa Schön, kafin a kai shi ga *damit*.