Sarautar Hayin Urdun da Faɗuwar Urushalima

A ƙasar da muka sani da sunan Mowab da Edom, mayaƙan gicciye daga Turai suka kafa sarautar Hayin Urdun, ƙarƙashin sarkin Urushalima. Sarki Baldwin na Ɗaya ya gina kagarar Shobak a 1115, ta Karak ta biyo baya wajen 1142. Arzikin ƙasar kuɗin fito ne, gama hanyar fatake da alhazai ta nan ta ratsa. Amma hakiminta, Renal na Shatiyon, ya karya alkawarin sulhu, ya washe wani ayari. A 1187 Salahuddin ya ci su a Hattin, ya kashe Renal, Urushalima kuma ta faɗi. Mu makiyayan ikkilisiya mu lura: shugaba ɗaya ya ci amana yana ɗauke da gicciye, dukan jama'a suka sha wuyarsa.