Almarar Sin a Hannun Masu Zanen Majigi: Daga Shanghai Zuwa Hollywood

Ya kamata mu fara da gyara wani zato, watau cewa Amurkawa ne suka soma haɗa al'adun nan biyu. Sinawa ne suka riga su. A shekarar 1937 kamfanin Disney ya fitar da Snow White, sai wasu 'yan'uwa masu zane a Shanghai, Wan Laiming da Wan Guchan, suka ɗaura niyyar yin irin nasu. A 1941, alhali sojan Japan sun mamaye yawancin birnin, suka fitar da Gimbiya Mai Maficin Ƙarfe, wanda suka tsakuro daga hikayar Tafiya Zuwa Yamma. Dabarar zanen ta Amurka ce, har fuskar Sarkin Birai ta ɗauko kama da Mickey Mouse. Amma manufar tasu ce: talakawan ƙauye ne suka haɗa kai aka kayar da azzalumi, kuma 'yan kallon wancan zamani ba su bukaci a fassara musu ba.

To, a 1998 sai abin ya juya. Disney ya ɗauki labarin Mulan, wanda asalinsa waƙa ce da ake dangantawa da daular Wei ta Arewa, wadda ta yi mulki daga 386 zuwa 534. A cikin waƙar, budurwa ce ta tafi yaƙi a madadin tsohon mahaifinta. Ta sayi doki da sirdi a kasuwa, ta yi sallama da iyayenta, ta shekara goma sha biyu ba wanda ya gane mace ce. Da sarki ya yi mata tayin muƙami, ta ƙi, ta roƙi abin hawa kurum ta koma gida.

Masu fim suka kiyaye tufafi da Babbar Ganuwa, suka sāke zuciyar labarin. Mulan tasu sulalewa ta yi da dare ba izini, asirinta ya tonu a sansani, kuma ban da ceton uba, kanta take nema, tana son ta san ko ita wace ce. Wannan damuwa ce ta matashin Amurka. A ganina nan ne babban canjin yake, ba a wajen ɗan dodon nan Mushu ba, ko da yake mai da dabbar da Sinawa ke girmamawa ɗan barkwanci da muryar Eddie Murphy ba ƙaramin abu ba ne.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300 a duniya. Da aka nuna shi a ƙasar Sin a 1999, kasuwarsa ba ta yi armashi ba, wasu 'yan kallo ma suka ce wannan yarinya baƙuwa ce a gare su.