BABI NA BIYU: RAYUWAR USTAZ BADE GHULAM ALI KHAN

2.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a dubi rayuwar Ustaz Bade Ghulam Ali Khan, ɗaya daga cikin mashahuran mawaƙan gargajiya na arewacin Indiya. Manufar ita ce a nuna yadda ya taso a lokacin da waƙa take dogaro da fada, ya kuma rayu har zuwa lokacin da ta koma hannun jama'a, ba tare da ya zubar da gadon gidansu ba.

2.1 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haife shi a shekarar 1902 a garin Kasur na yankin Punjab, wanda a yau yake cikin ƙasar Pakistan. Kalmar "Bade" laƙabi ce mai ma'anar "babba". Mahaifinsa, Ali Baksh Khan, mawaƙi ne, haka kuma baffansa Kale Khan, wanda a hannunsa ya fara koyon waƙa tun yana ƙarami. Ya kuma koyi kaɗa sarangi, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake gogawa kamar goge.

A al'adar waƙar Hindustani kowane mawaƙi yana da "gharana", wato gidan da ya gaji salonsa daga malami zuwa almajiri. Nasa gidan shi ne na Patiala, wanda ya bunƙasa a ƙarƙashin kulawar sarakunan Patiala.

2.2 Shahararsa da Salonsa

Sunansa ya bazu a ƙarshen shekarun 1930, bayan wasan da ya yi a birnin Kalkata. Ya yi fice a nau'o'in waƙa biyu: khayal, inda mawaƙi yake shimfiɗa raga, wato tsarin karin sauti mai ƙa'idoji, da kuma thumri, wadda ta fi sauƙi kuma ta fi karkata ga bege. Ya tsara waƙoƙi da dama da sunan "Sabrang".

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne taƙaitawa. Mawaƙin fada yana iya kwashe sa'a guda ko fiye a kan raga ɗaya, domin sarki ba ya gaggawa. Shi kuwa ya lura cewa mai sauraro a zauren taro ko a rediyo ba shi da wannan haƙuri, ga shi kuma faifan garmaho na wancan zamani bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Saboda haka ya rage tsawon shimfiɗa, ya ƙara wa murya ado. Wasu masu riƙon gargajiya sun soki hakan, amma ta wannan hanya ce waƙar ta kai ga talakawa.

2.3 Rabuwar Ƙasa

A shekarar 1947 aka raba Indiya gida biyu, mahaifarsa ta faɗa cikin Pakistan, shi ma ya koma can. Sai dai zaman bai yi masa daɗi ba, domin akasarin masu sauraronsa suna Indiya. Daga baya ya dawo, ya sami takardar zama ɗan ƙasar Indiya a 1957 da taimakon Morarji Desai. A daidai wannan zamani ne aka shigar da masarautu cikin sabuwar ƙasa, fada ta daina ciyar da mawaƙi.

2.4 Shigarsa Fim

Ya daɗe yana ƙin yi wa fim waƙa. Da K. Asif ya nemi ya rera muryar Tansen, mawaƙin fadar Sarki Akbar, a fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, an ruwaito cewa ya yanka rufi 25,000 a kan kowace waƙa don a ƙyale shi, alhali manyan mawaƙan fim ba sa samun ko kusa da haka. Asif ya amince, ya rera waƙoƙi biyu ƙarƙashin jagorancin Naushad.

2.5 Rasuwarsa

A 1962 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Bhushan. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, amma ya ci gaba da waƙa da tallafin ɗansa, Munawar Ali Khan. Ya rasu a birnin Haidarabad a watan Afrilu na 1968.

2.6 Naɗewa

Daga abin da ya gabata an ga cewa Ustaz ya rasa inuwar fada, ya kuma rabu da mahaifarsa, amma waƙarsa ta ɗore saboda ya daidaita ta da sababbin masu sauraro. Babi na gaba zai yi nazarin salon gidan Patiala dalla-dalla.