Man Hantar Kifi: Maganin da Ya Riga Iliminsa Zuwa

Daga watan Janairu zuwa Afrilu na kowace shekara, kifin kod yakan baro Tekun Barents ya gangaro tsibiran Lofoten da ke arewacin ƙasar Nowe domin ya zuba ƙwai. Shekaru aru-aru masuntan wurin suna dakon wannan lokaci. Su kama shi, su farke cikinsa, su rataye shi a kan katako, iskar sanyi ta busar da shi har ya yi tauri kamar icce. Wannan busasshen kifi ba baƙonmu ba ne, domin Nijeriya na cikin manyan masu sayensa; shi ne okporoko da muke gani a kasuwa. Hantar kuwa, a da, cikin ganguna ake zuba ta, a bar ta ta ruɓe, mai ya taso sama a kwashe. Da shi suke kunna fitila, da shi suke jima, su kuma sha idan sanyi ya shiga gaɓoɓi.

Dalilin da ya sa hantar ke da mai haka shi ne yadda aka halicci kifin. Sadin da taitus cikin tsokarsu suke ajiye kitse. Kod kuwa tsokarsa fara ce fat, ba mai a cikinta, hanta ce rumbunsa. Duk wani sinadari da ke narkewa cikin mai, can yake taruwa. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai ya miƙe ƙafafun yara masu yawan gaske a Turai, alhali sai da aka yi fiye da shekara ɗari ana shayar da shi kafin a san ko mene ne.

Cutar da ake magana ita ce laushin ƙashi na yara, wadda likitoci ke kira riket. Ƙashin yaro ya kasa yin ƙwari, nauyin jiki ya lanƙwasa ƙafa ta zama gwame ko ƙafar baka, wuyan hannu ya kumbura, ƙirji ya turo. Idan mace ce, ƙashin ƙugu na iya tsukewa, abin ya jira ta sai ranar haihuwa. Likitan Ingila Francis Glisson ya rubuta littafi a kanta a 1650, kuma da masana'antu suka cika biranen Ingila da hayaƙin kwal, cutar ta yi yawa har maƙwabta suka riƙa kiranta cutar Ingilishi.

A 1824 wani likitan Jamus mai suna Schütte ya ba da rahoton cewa man hantar kod na warkar da ita. Daga baya Armand Trousseau, babban malamin likitanci a Faransa, ya riƙa koya wa ɗalibansa haka. Kasuwa ta buɗe. A farkon shekarun 1850 wani mai haɗa magani a Nowe, Peter Möller, ya ƙirƙiro hanyar fitar da man daga ɗanyar hanta da tururi, aka rabu da baƙin mai mai ɗoyi na ganga. Sai dai babu wanda ya iya cewa ga abin da ke aiki a cikinsa. Wasu suka ce ɗan aidin da ke ciki ne, wasu suka ce ai kitse ne kawai mai sa yaro ya murmure. Ga shi kuma 'yan kasuwa na gauraya shi da wasu mayuka, wata kwalbar ta yi aiki, wata ta ƙi. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 likitoci da dama sun koma ɗaukarsa camfin tsofaffi.

A gefe guda kuma akwai masu cewa rana ce magani. Tun 1822 Jędrzej Śniadecki ya lura cewa yaran cikin birnin Warso na ƙasar Folan sun fi na ƙauye kamuwa, ya danganta abin da rashin shan hantsi. A 1890 Theobald Palm, likitan mishan da ya yi aiki a Japan, ya tattara bayanai daga abokan aikinsa na ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa inda rana take da yawa cutar ba ta da yawa, ko da kuwa akwai talauci. Maganar ba ta shiga kunne ba. Me zai haɗa hasken rana da hantar kifi?

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tilasta a duba. Yunwa ta bar biranen Jamus da Ostiriya cike da yara masu lanƙwasassun ƙafafu. A 1919 Edward Mellanby a Ingila ya tsare 'yan kwikwiyo a cikin ɗaki yana ba su kunun hatsi, suka kamu da riket, ya warkar da su da man hantar kod. A wannan shekarar dai, Kurt Huldschinsky a Balin ya warkar da yara da fitila mai fitar da hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani. Ya kuma haska hannu ɗaya na yaro, hoton ƙashi ya nuna hannuwan biyu duk sun warke. Ke nan hasken wani abu yake ƙerawa a fata, jini ya zagaya da shi. A Biyana, Harriette Chick da abokan aikinta mata suka yi aiki daga 1919 zuwa 1922 a asibitin yara na Farfesa von Pirquet, wanda ya daɗe yana ganin cutar ɗaukarta ake yi kamar tarin fuka. Suka nuna masa a kan jariran asibitinsa cewa mai yana warkarwa, haske ma yana warkarwa.

Mellanby ya zaci bitamin A ne, tunda an riga an san yana cikin man. Elmer McCollum na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya raba gardamar a 1922. Ya ɗumama man yana hura masa iska har bitamin A ya lalace, man ya daina warkar da ciwon ido na ɓeraye, amma ya ci gaba da gyara ƙashinsu. Ashe wani abu ne daban, na huɗu a jerin bitamin, aka sa masa harafin D. Shekara biyu bayan haka Harry Steenbock da Alfred Hess, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano abin da ya fi ba da mamaki: ba sai an haska ɓeran ba, abincinsa kawai za a haska ya zama magani.

A nan ne masana sinadarai suka karɓi aikin, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana dafa sabulu zai gane yadda suka bi. Idan aka dafa mai da ruwan toka ko soda, kusan dukkansa yakan zama sabulu, sai ɗan ragowa kaɗan da ke ƙin juyawa. Da aka yi wa man hantar kod haka, sai aka tarar maganin yana cikin ragowar. Mafi yawan wannan ragowa kolestarol ne, sinadarin da Bafaranshe Michel Chevreul ya raɗa wa suna tun farkon ƙarni na 19 bayan ya nazarce shi a tsakuwar matsarmama. Kolestarol ɗan wani babban dangi ne da ake kira siterol. Ƙwayar kowannensu zobba huɗu ne na kabon a manne da juna, da ɗan wutsiya a gefe.

Aka haska kolestarol, ya warkar da ɓeraye. Aka tace shi sosai aka sake haskawa, ya ƙi. Ashe wani ɗan'uwansa ne da ya maƙale a ciki, ɗan mitsitsi, yake yin aikin. Adolf Windaus na Jami'ar Göttingen a Jamus, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan siterol kuma ya sami kyautar Nobel a 1928 saboda su, shi ya jagoranci farautar. An fara dacewa da agosterol, siterol ɗin da ke cikin yis, wanda haske ke mayarwa bitamin D2. Amma jikin dabba ba ya ƙera agosterol. A 1935 Windaus ya haɗa wani siterol da bambancinsa da kolestarol ƙwayar haidirojin biyu ce tak. Idan hasken ultrabayolet ya same shi, zobe na biyu cikin huɗun sai ya ɓalle, ƙwayar ta buɗe ta zama bitamin D3. A 1936 Hans Brockmann ya fitar da sinadarin maganin daga man hantar kifin tuna, aka gwada, aka ga shi ne D3 ɗin. Shekara ta zagayo aka sami siterol ɗin Windaus a fatar dabba. Tambayar da ta hana a saurari Palm ta sami amsa: abin da masunci ke kwasowa daga ganga da abin da fatarmu ke ƙerawa da hantsi abu ɗaya ne.

Teku ta ƙara ba da wani mabuɗin. A 1916 Mitsumaru Tsujimoto na Japan ya bayyana wani mai da ya samo a hantar kifin shak, ya kira shi sikwalin. A farkon shekarun 1950 Konrad Bloch ya nuna cewa daga wannan sikwalin ne jikinmu ke naɗe zobban nan huɗu.

Amfanin wannan ilimi ya bayyana da wuri. Aka fara zuba bitamin D a madarar sayarwa a Amurka a shekarun 1930, Birtaniya kuma ta riƙa raba wa yara man hantar kod lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Cutar Ingilishi ta kusa ɓacewa daga Ingila.

To mu fa, da rana ke dukanmu shekara zagaye, me ya sa muke ganin yara masu gwame a unguwanninmu? Da labarin ya tsaya a kan cewa man kifi na maganin riket, da sai mu yi ta ɗura wa yara shi muna jiran sauƙi. Amma an gano aikin bitamin D: bayan hanta da ƙoda sun sarrafa shi, shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, kalsiyam kuma shi ne tubalin ƙashi. Ko magini ya ƙware, in ba tubali ba gini. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka wallafa gwajin da suka yi da yara 123 masu riket. Abincin yaran, wanda galibi hatsi ne ba madara, kalsiyam ɗin da yake ba su a rana kimanin miligiram 200 ne kawai. Bayan mako 24 na magani, kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka bai wa kalsiyam kaɗai sun warke ko sun kusa, haka ma kashi 58 na waɗanda aka haɗa wa biyun. Cikin waɗanda aka bai wa bitamin D kaɗai, kashi 19 ne kawai. Daga baya masu binciken suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, shi ma ya gyara ƙashin yawancin yaran.

Wannan bai soke man hantar kod ba. Jaririn da ba a fitowa da shi rana, da uwar da ta daɗe a ɗaka, suna iya rasa bitamin D ko a Kano ko a Damagaram. Sai dai man yana ɗauke da bitamin A mai yawa, wanda kan cutar idan an wuce kima, musamman ga mai ciki. Yaron da ƙafarsa ke ƙara lanƙwashewa bayan ya haura shekara biyu, asibiti ya kamata a kai shi a duba wanne ne ya gaza. A Balin da Biyana rana ce ta yi ƙaranci. A Jos kuwa nono da madara ne suka yi ƙaranci a kwanon yaro.