Asalin Ƙwayar A-ji-garau

Wani manomi daga ƙasar Funtuwa ya aiko mana takarda yana tambaya, shin ƙwayar nan ta a-ji-garau da 'yan ƙwadago ke haɗiya lokacin huɗa, daga wace bishiya ake samunta?

To malam, ba bishiya ba ce. Haɗa ta ake yi da sinadarai, sunanta amfetamin. Wani masani ɗan Romaniya, Lazar Edeleanu, shi ya fara haɗa ta a birnin Berlin na Jamus a 1887. Tana da ƙanwa, metamfetamin, wadda ta fi ta zafi. Ita kuwa wani Bajapane mai suna Nagai ya samar da ita a 1893.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da su fili. A 1938 kamfanin Temmler na Jamus ya fara sayar da ƙanwar da sunan Pervitin, ko takardar likita ba a nema. A cikin 'yan watanni na 1940 aka tura wa sojojin Hitila ƙwaya wajen miliyan 35, don su yi ta kutsawa Faransa ba barci. Sun kutsa ɗin kuwa. Amma fa bayan nan sai ga soja ya zube, ya kwana biyu bai moru ba, wani zuciya ta buga. Da shekara ta zagayo, Jamus da kanta ta hana sayar da ita barkatai.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar ba ta ƙara maka ƙarfi ko na anini. Matsa wa ƙwaƙwalwa take yi ta zazzage sinadaran kuzari da Allah Ya ajiye maka, irin su dofamin, a lokaci guda. Barci ya gudu, yunwa ta ɗauke, jini ya hau. Kamar dai wanda ya ci kuɗin gyaɗarsa tun tana gona ne, ranar roro sai ido. In aka daɗe ana sha, sai rama, sai zargin kowa, har a kai ga taɓin hankali.

Japan ta kafa mata doka a 1951, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin yarjejeniyar 1971. A nan gida kuwa, Dokar Soja mai lamba 48 ta 1989 ta kafa hukumar NDLEA, wadda a 2011 ta bankaɗo wurin dafa metamfetamin na farko a Legas.