Wa Ya Ga Kukar Dankama? Tarihin Wata Gardama a Wasan Labari

Akwai wani wasa da ake yi a kan tebur wanda ba ya son wuta, ba ya son waya, sai takarda da fensir da ƙwaya irin ta ludo. Mutum ɗaya ke riƙe da labari kamar mai tatsuniya, sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin ya zama shi: wannan maharbi, wancan falke, waccan ƴar sarki. Mai labari ya ce, "Kun iso bakin wani kufai da la'asar sakaliya," su kuma su faɗi abin da za su yi. Inda ya rabu da tatsuniya shi ne ba wanda ya san ƙarshensa, har mai bayarwar. Shekara hamsin ke nan ana wannan wasa, kuma akwai gardama ɗaya da ta ƙi mutuwa tsakanin masu yin sa. Idan akwai abin da ke ɓoye a kufan nan, rijiya ce da ciyawa ta rufe ko sawun dawakin mahara, ta yaya za a san matafiyan sun gan shi? A bar su su yi tambaya, ko a jefa ƙwaya ta yanke? Mu da muke tsayawa gaban allo kullum muna da baki a wannan magana.

Asalin abin daga barikin soja ne. A 1824 wani hafsan ƙasar Furusiya, a Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz, ya fito da ƙa'idojin wani wasan yaƙi da ake kira Kriegsspiel, wanda mahaifinsa ya fara. Ana shimfiɗa taswira, ɓangare biyu su ja daga, ja da shuɗi, a tsakani kuma ga alƙali. Sabon abin da ke ciki shi ne, alƙali kaɗai ya san inda kowace runduna take. Ba ya nuna wa kwamanda dakarun abokan gaba sai ƴan leƙen asirinsa sun kai inda ido zai iya hango su. Wanda bai aika kowa ya duba bayan tudu ba, abin da ke bayan tudu zai same shi. Sai dai ƙa'idojin sun yi ta kumbura da lissafi har hafsoshi suka gaji, shi ya sa a 1876 Verdy du Vernois ya ce a ajiye ƙwaya da jadawali, a bar gogaggen alƙali ya yi hukunci da saninsa. Ka ga ke nan gardamar ta girmi wasan da muke magana a kai da kusan shekara ɗari.

Daga nan sai Amurka. Dave Arneson na jihar Minnesota ya rage runduna ta koma mutum ɗaya ɗaya, ya tura su cikin ramukan ƙarƙashin wata fada da ya ƙago. Shi da Gary Gygax suka buga Dungeons & Dragons a 1974, ƙananan littattafai uku cikin kwali, kwafi dubu a bugun farko. A wancan bugu akwai jifar ƙwaya don gano ɓoyayyar ƙofa: in ta ba da 1 ko 2 cikin 6, an gani. Amma ƙashin bayan wasan tambaya ce. Cikin kayan da matafiyi ke saya har da gora mai tsawon ƙafa goma, don ya riƙa zungurar ƙasa kafin ya taka. Ɗan wasa ɗaya yana zana taswira daga abin da mai labari ke faɗa, in ya ji ba daidai ba su ɓata. Bincike kuma yana cin lokaci, kowane lokaci ya wuce ana jefa ƙwaya a ga ko wani dodo ya biyo hanya. Saboda haka ba ka iya ƙwanƙwasa kowane bango. Dole ka zaɓi inda za ka duba, kuma wannan zaɓi shi ne daɗin wasan.

A hankali aka kwashe aikin daga bakin ɗan wasa aka mayar kan takardarsa. A 1975 aka ƙaro ɓarawo cikin mutanen da ake iya zama, da lissafin kashi cikin ɗari na buɗe kwaɗo da kwance tarko. RuneQuest na 1978 da Call of Cthulhu na 1981 suka ba kowa makin gano ɓoyayyen abu. Bugu na uku na Dungeons & Dragons, a 2000, ya raba abin gida uku, hange da saurare da lalube, da ƙwaya mai fuska ashirin. Na huɗu a 2008 ya haɗe su wuri ɗaya, ya kuma kawo makin lura na dindindin, wato 10 a tara da gwanintar mutum, wanda mai labari ke dubawa a asirce ba tare da jifa ba. Bugun 2014 ya riƙe wannan.

Masu wannan sauyi suna da hujja, kada mu zalunce su. Yaro mai kunya, wanda bakinsa ba ya saurin buɗewa, ya samu hanyar da maharbinsa zai zama mai kaifin ido ko da shi kansa bai iya tsara tambaya ba. Kuma ƙwaya ba ta da ɗan lele, alhali mai labari ɗan Adam ne. Amma an yi asara babba. Mutane suka daina cewa "zan ɗaga tabarmar in duba ƙarƙashinta," suka koma "na jefa, me na gani?" Mafi muni, in duk labarin ya rataya a kan wasiƙar da ke ƙarƙashin tabarmar nan, ƙwaya kuma ta ƙi, to wasa ya mutu, mutum biyar sun zauna suna kallon juna. Wannan ne ya sa Robin Laws, ɗan Kanada, ya fito da tsarin GUMSHOE a 2006, inda duk alamar da labari ba ya tafiya sai da ita ba a jefa mata ƙwaya: wanda ya je wurin da ya dace, yana da sanin da ya dace, ya samu. Justin Alexander kuma a 2008 ya ba da shawarar a ajiye alama uku ga duk abin da ake so ƴan wasa su gano, domin za su wuce ta fari, su yi biris da ta biyu, su yi wa ta uku mummunar fahimta.

To mu dawo gida, don ƙasarmu ta ga matafiyi na gaske. A watan Janairun 1851 Heinrich Barth, Bajamushen da ke tafiya da sunan gwamnatin Ingila, wanda ake kira Abdul Karim, ya rabu da abokinsa Overweg a Tasawa. Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuwa ya bi ayarin gishirin Abzinawa ya sauka Gazawa, wadda ya tarar an kewaye ta da kafi da gwalalo. Ba don ado aka yi su ba. Tun da jihadi ya fitar da sarautar Katsina ta dā daga birni, Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi, dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina ya zama fagen hari daga kowane ɓangare. Yau mai mota daga Agye zuwa Tasawa yana ratsa Gazawa bai ko rage gudu sosai ba, balle ya tuna nan ne bakin iyaka.

A cikin wannan daji ayarin ya wuce wata ƙatuwar kuka tsaye ita kaɗai. Barth mutum ne mai lura ƙwarai, littafinsa juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858 shaida ne. Kukar kam ya gan ta, makaho ma ya kusa ganin ta. Amma cewa nan ne kufan Dankama, garin da Sarkin Katsina Magajin Halidu ya fake bayan an ci birni, inda kuma ajalinsa ya same shi wajen 1807, wannan ido ba ya ba da shi. Sai ka san kuka a tsakiyar daji alamar tsohon mazauni ce, sai kuma ka tambayi mutanen da kuke tafe. Barth ya ji Hausa, ya yi tambaya, shi ya sa muke da labarin. Fatake kuwa ba su taɓa barin wannan ga sa'a ba. Ayari na da madugu, yana da jagaba da ke gaba yana karanta hanya, ya san sawun jiya da na yau, ya san rijiyar da ke ƙafewa kafin bazara.

Nan ne ra'ayina ya tsaya, kuma ina ganin ƴan 1974 da Robin Laws sun fi gaskiya. Malamin da ke son gwada wannan wasa a darasin tarihi, ga hanyar Tasawa, Gazawa, Dankama, Katsina a shirye. Wanda ke gundumar Gidan Runji yana da Tsibirin Gobir da Gulbin Maraɗi a ƙofar gida. A raba aji rukuni rukuni, kowane rukuni ayari guda, da madugu da jagaba da mai zana taswira a kaye. Abin da ke fili a faɗe shi kyauta: ga kuka, ga tokar wuta, ga kashin doki. Abin da ke ɓoye a ba duk wanda ya yi tambayar da ta kai gare shi. Yarinyar da ta ce za ta taɓa tokar ta ji ko da sauran ɗumi ta riga ta ci, zalunci ne a ce mata ta jefa ƙwaya. Mai kunyar nan kuma shi za a naɗa jagaba, a riƙa raɗa masa alama ɗaya da sauran ba su ji ba, dole a juyo a saurare shi. Kowace tambaya ta ci wani yanki na yini da na ruwan salka, don kada su tsaya suna tone kowace shuri har rana ta faɗi.

Iyaye za su ce ƙwaya ai ƙanwar caca ce. Ban ga laifinsu ba, mun san abin da wuri da karta suka yi wa gidaje. Su ma iyayen Amurka sun tayar da ƙura a shekarun 1980, ko da yake su dodanni da tsafin da ke cikin labaran ne suka dame su. A wasan ayari ba kuɗi, ba dodo, ba wanda ke cinye wani. In ana buƙatar sa'a, kamar ko mahara za su ɓullo a daren da aka kwana Dankama, malami ya rubuta lamba 1 zuwa 6 a guntayen takarda, ya zuba a hula, madugu ya zaro ɗaya.